Filin Ma'aikata: Amsoshin Wasiƙunku daga Zangunan Kumasi

Wasiƙun wannan fitowa daga Kumasi yawancinsu suka zo, kuma kamar kullum mun sakaya sunayen masu su da na wuraren aikinsu. Dokar da za ku ji muna yawan ambata ita ce Dokar Ƙwadago ta Gana ta shekarar 2003, wadda aka fi sani da Act 651.

Wata goma sha huɗu ba takarda, ba SSNIT

*Assalamu alaikum. Ina aiki a wani shagon sari a Adum, yau wata goma sha huɗu ke nan. Kullum ina zuwa daga Litinin zuwa Asabar. Ba a taɓa ba ni takardar kama aiki ba, albashina ta momo, wato asusun kuɗi na waya, ake turo mini a ƙarshen wata. Da na yi wa manaja maganar SSNIT, hukumar fanshon ma'aikata, sai ya ce ni ɗan wucin gadi ne, ba a biya wa irinmu. Haka abin yake?*
— Wani matashi daga Aboabo

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ba haka abin yake ba. Sashe na 75 na dokar ya ce ma'aikacin wucin gadi da ya yi wa mutum ɗaya aiki wata shida a jere ko fiye, za a ɗauke shi a matsayin ma'aikacin dindindin. Sunan da manaja ya laƙaba maka bai sauya wannan ba. Wanda doka take kira ɗan aikin rana shi ne mai aikin da ke zuwa yana yankewa, ko na wani yanayi na shekara, ana lissafa kuɗinsa kullum-kullum, kuma bai zarce wata shida a jere ba. Kai da kake zuwa kwana shida a mako fiye da shekara ba ka cikin wannan sahu. Sashe na 12 ya wajabta a rubuta yarjejeniyar duk aikin da zai kai wata shida, na 13 kuma ya ba mai aiki, wato wanda ya ɗauke ka, wata biyu daga ranar da ka fara ya miƙa maka sharuɗɗan a rubuce: matsayinka, albashinka, lokutan aiki, hutu, da notis ɗin rabuwa.

Batun fansho kuwa wata doka ce daban, Act 766 ta 2008. Ana cire kashi 5.5 cikin ɗari daga ainihin albashinka, wato ban da alawus, mai aiki ya ɗora kashi 13 daga aljihunsa, ya zama 18.5. Daga ciki 13.5 na tafiya SSNIT, sauran 5 ɗin na tafiya mataki na biyu, wanda kamfanonin fansho masu lasisi suke riƙewa. Mu ce ainihin albashinka sidi 1,500 ne. Naka 82.50, nasa 195, jimla 277.50 kowane wata: 202.50 ga SSNIT, 75 ga mataki na biyu. Wajibi ne ya kai kuɗin cikin kwana 14 bayan ƙarewar wata, in ya makara akwai tara a kansa. Ka ninka 195 ɗin nan sau goma sha huɗu, ka ga abin da ya rage a aljihun shago wanda naka ne. Asarar da ta fi kuɗin ma ita ce watannin, domin sai mutum ya tara wata 180 na biya kafin ya cancanci fanshon wata-wata, kuma ga sha huɗu sun tafi ba a ƙirga maka ba.

Ka fara da tattara shaida tun kafin ka sake buɗe baki. Je ofishin kamfanin layinka ka nemi cikakken bayanin shige da ficen momo ɗinka, wanda zai nuna lambar da ke turo kuɗin da ranakun. Adana saƙonnin WhatsApp da manaja yake aiko maka na aiki. In akwai littafin sa hannun zuwa, ɗauki hoton shafukan da sunanka yake ciki. Sai ka ɗauki katin Gana, wato katin shaidar ɗan ƙasa, ka je reshen SSNIT mafi kusa ka nemi bayanin asusunka, ka tabbatar da idonka ko an taɓa biya. Bayan haka ka rubuta wa mai shagon, ba manajan kaɗai ba, gajeriyar takarda cikin ladabi kana roƙon takardar aiki da rajistar fansho, ka riƙe kwafi. Sau da yawa mai dukiyar bai ma san abin da manaja yake faɗa wa yara ba, wani lokacin kuma ya sani sarai.

In an yi biris da kai, SSNIT tana da jami'an da aikinsu ke nan bin masu ƙin biya, kuma tana gurfanar da su a kotu. Batun takarda da lokutan aiki kuma na ofishin ƙwadago ne na yankinku, daga nan sai Hukumar Ƙwadago ta Ƙasa, NLC. Ba za mu ɓoye maka ba, akwai masu shagon da za su nemi dalilin sallamarka da zarar ka motsa. Doka ta lissafa korar mutum don ya kai ƙara cikin kora ta zalunci, amma kafin a yanke hukunci kana gida ba albashi. Shi ya sa muka sa tattara shaida a gaba, kuma in abokan aikinka uku ko huɗu za su sa hannu tare da kai, ya fi ka tsaya kai kaɗai.

Ciki da hutun haihuwa

*Ni malama ce a wata makaranta mai zaman kanta, shekarata biyu a wurin. Ina da ciki wata bakwai. Mai makarantar ta ce ko dai in kawo wadda za ta riƙe mini aji in riƙa biyan ta daga albashina, ko in ajiye aikin in na yaye in sake nema. Maigidana ya ce in haƙura in ajiye. Me kuke gani?*
— Wata malama daga Asawase

Malama, Allah ya sauke ki lafiya. Kada ki rubuta takardar ajiye aiki. Duk abin da za mu faɗa a ƙasa ya rataya ne a kan wannan, domin da zarar kin rubuta da hannunki cewa kin bari, sai a ce ke kika tafi, ba a kore ki ba.

Sashe na 57 ya ba ki hutun haihuwa na aƙalla mako goma sha biyu da cikakken albashi, ban da hutunki na shekara. In haihuwar ta zo da matsala, ko aka sami tagwaye, akwai ƙarin aƙalla mako biyu. In kin koma, kina da awa ɗaya a cikin lokacin aiki don shayarwa, kuma ana biyan ki wannan awar. Biyan wadda za ta riƙe aji nauyin makaranta ne. Sashe na 63 kuma ya ambaci ciki da hutun haihuwa ƙarara cikin dalilan da ba a korar mace a kansu. Makaranta mai zaman kanta ba ta fita daga wannan doka ba.

Abin da ake buƙata daga gare ki shi ne takardar likita ko ungozoma mai nuna ranar da ake sa ran haihuwa. Ki karɓe ta a wurin da kike awo, ki haɗa da wasiƙar neman hutu mai ɗauke da ranar farawa da ranar dawowa. Ki yi kwafi biyu, wanda ya karɓa ya sa hannu da kwanan wata a kan naki. In an ƙi sa hannu, ki tura hoton wasiƙar ta WhatsApp ɗin mai makarantar, ya zama akwai alamar ta isa. Ki kuma rubuta abin da kika koyar da inda kika tsaya a kowane darasi ki miƙa, don kada a sami abin fakewa da shi.

Game da maigida, ki nuna masa wannan amsa. Wataƙila yana gudun rigima ne, kuma yana da uzuri, amma a lissafa masa: albashin wata uku ne, da shekara biyu na aikin da za a share, da kujerar da babu tabbacin za ta jira ki. In yana da hali ya raka ki wurin mai makarantar, ko wani dattijo da take jin nauyinsa, sau da yawa magana takan ƙare a nan ba sai an kai ofis ba.

Suna uku a takardu uku

*A takardar WASSCE, jarrabawar kammala sakandare, sunana Mohammed, a katin Gana Muhammad, a takardar haihuwa kuma Mahama. Na ci intabiyu a wani kamfani amma sashen kula da ma'aikata sun tsayar da ni sai na gyara. Yaya zan yi?*
— Wani ɗalibi daga Sawaba

Wannan ciwon 'yan zango ne da yawa, malamin firamare ya rubuta yadda kunnensa ya ji, jami'in rajista ma ya rubuta nasa. Ma'aikatan ba mugunta suke maka ba. Tun 2021 aka fara haɗa lambar SSNIT da ta katin Gana, banki da hukumar haraji ma da katin suke aiki, don haka in suna ya saɓa albashi da fansho sukan maƙale.

Zaɓi rubutu ɗaya da za ka riƙe har abada. Mafi sauƙi ka zaɓi wanda ke kan takardun makarantarka, domin su suka fi wuyar taɓawa. Ka yi takardar rantsuwa a gaban kwamishinan rantsuwa ko a babbar kotu, wadda ta jero duka rubuce-rubucen uku ta ce mutum ɗaya ne. Sai ka kai a buga a gazet, wato jaridar sanarwar gwamnati, ka ɗauki kwafin ka je ofishin hukumar katin ƙasa, NIA, a daidaita. Tun yau ka kai wa kamfanin rantsuwar da rasiɗin gazet, ka roƙi a ba ka wa'adi a rubuce. Ka duba ranar haihuwarka a duka takardun, domin gyaranta ya fi na suna wahala nesa ba kusa ba, kuma ita ke yanke ranar da za ka yi ritaya.

Masu digirin Masar, Saudiyya, Nijar ko Najeriya su ma su ji: a kai takardar ga GTEC, hukumar kula da manyan makarantu, ta tantance ta tun kafin a fara neman aiki, kada a bari sai an kira mutum.

Ejan da ke neman kuɗi

*Wani mutum ya ce zai sama wa ɗana gurbi a aikin shige da fice in na ba shi sidi dubu goma sha biyar, rabi yanzu rabi in suna ya fito. Ya ce in bai yiwu ba akwai aikin otel a ƙasashen Larabawa. A masallacinmu yake salla, mutane sun san shi.*
— Wata uwa daga Tafo Zango

Hajiya, ki riƙe kuɗinki. Ɗaukar soja, 'yan sanda, shige da fice, kashe gobara da gidan yari ana shelanta shi ne a jaridu da shafukan hukumomin kansu, a sayi lambar cike fom ta hanyar da sanarwar ta faɗa, a bi matakai: tantance takardu, awon jiki, jarrabawa, gwajin lafiya. Dabarar masu "rabi yanzu" tsohuwa ce. Mutum ya karɓa daga gida ashirin, bai yi komai ba. In yaro biyu sun shiga da ƙoƙarinsu ya ce aikinsa ne ya karɓi ciko, sauran kuma a ce musu sai baɗi. Kuma ba ki da bakin kai ƙara da ƙarfi, tunda abin da kika biya kuɗi a kansa shi kansa laifi ne.

Dillancin aiki na halal yana nan. Sashe na 7 na dokar ya ce sai kamfani mai rajista wanda ministan ƙwadago ya ba lasisi, kuma lasisin sabuntawa ake yi. Ki ce ya nuna miki, ki kai sunan kamfanin ofishin ƙwadago a duba. Sashen ya kuma ce in wata uku suka wuce kamfanin bai sama wa mutum aiki ba, zai mayar da rabin kuɗin da ya karɓa, abin da ba zai yiwu ba in babu rasiɗi mai sunan kamfani. Kuɗin da aka tura lambar momo ta wani mutum ba rasiɗi ba ne.

Na waje ya fi haɗari. Dillali ba ya da ikon kai ma'aikata wata ƙasa sai akwai yarjejeniya tsakaninta da Gana, kuma a 2017 gwamnati ta dakatar da kai 'yan aikin gida ƙasashen yankin Gulf saboda rahotannin cin zarafi. In an ce yaro ya tafi da bizar ziyara a gyara a can, ko ya bi ta wata ƙasa maƙwabciya ya hau jirgi, ko ba za a nuna kwantaragin ba sai a filin jirgi, ko wani zai riƙe masa fasfo, kowanne daga cikin waɗannan ya isa a fasa. Sallarsa a masallacinku tsakaninsa da Ubangijinsa ce, ke lasisi za ki tambaya.

Direban da kuɗi ke ɓacewa a hannunsa

*Ina da ƙaramar masana'antar ruwan leda, ma'aikata goma sha biyu. Direbana ɗan aminina ne, shekararsa huɗu da ni. Wata uku ke nan kuɗin ciniki ba ya cika, ga yawan fashi ranar Litinin. Ina so in cire abin da ya ɓace daga albashinsa in sallame shi. Ina da wannan ikon?*
— Wani Alhaji daga Asokore Mampong

Ranka ya daɗe, kana da ikon rabuwa da shi, amma ba ta hanyar da ka tsara ba. Sashe na 69 ya hana mai aiki cin ma'aikaci tarar kuɗi ko wane iri, ya kuma hana cire komai daga albashi sai abin da doka ta yarda. Sashe na 70 ya yarda a cire don cike asarar dukiyar da ke hannun ma'aikacin, amma da amincewarsa. Ke nan sai an zauna an yi lissafi, ya yarda da adadin, ya sa hannu a kan nawa za a riƙa cirewa kowane wata. Riƙe albashin wata ɗungurum don haushi shi ke mayar da mai gaskiya mai laifi a gaban hukuma.

Kora saboda laifi kuwa, doka cewa ta yi laifin da aka tabbatar, kuma in magana ta je NLC kai za a tambaya ka nuna dalili da hanyar da ka bi. "Kowa ya sani" ba hujja ba ce. Ka fitar da littafin lodi na wata ukun nan: ranar kaza buhu nawa ya fita, nawa ya dawo, kuɗi nawa aka miƙa, wa ya karɓa. In babu irin wannan littafi, to gaskiya ba ka san ko direban ne ba, ko yaron mota, ko mai karɓar kuɗi, ko kuwa bashi ne kwastomomi suka ci ba a rubuta ba. A masana'antun ruwa wannan na ƙarshen ya fi yawa fiye da yadda masu su suke zato, ga ledar da ke fashewa a hanya ba mai ƙirgawa.

In lissafi ya nuna shi, ka ba shi takardar tuhuma mai ranaku da adadi, ka ba shi lokacin amsawa a rubuce, kwana biyu ko uku kamar yadda aka saba. In ba ya rubutu, ya faɗa wani ya rubuta a karanta masa ya dangwala. Sai a zauna da shi, ya zo da wanda ya yarda da shi, kai ma da shaidarka, a rubuta abin da kowa ya ce. Hukuncin ma a rubuce. Fashin Litinin shi kaɗai ba a fara shi da kora: gargaɗin baki da aka rubuta ranarsa, gargaɗi a takarda, gargaɗin ƙarshe. Sata da aka tabbatar kuwa tana iya kai wa sallama nan take.

In hujjarka ba ta yi ƙarfi ba amma zuciyarka ta riga ta fita, kada ka rubuta kalmar sata a ko'ina. Ka nemi ku rabu da yardar juna a rubuce, ka ba shi notis ɗin da sashe na 17 ya tanada, wanda ga mai shekara uku ko fiye wata ɗaya ne ko albashin wata ɗaya a madadinsa. Ko ta wace hanya aka rabu, sai ka biya shi albashin kwanakin da ya yi, da hutun shekarar da ya tara bai ci ba in ba sallamar nan take ba ce, ka kuma cike SSNIT ɗinsa. Ka duba wannan na ƙarshen da kyau kafin ka fara, domin ma'aikacin da aka kora can yake fara zuwa, kuma in jami'ai sun zo littafin mutum goma sha biyun za su buɗe, ba nasa kaɗai ba.

Amininka kuma ka je ka same shi da kanka kafin takarda ta fita, da littafin a hannunka. Zumunci ya fi lalacewa in uba ya ji labari a bakin ɗansa.

Wanda zai maye gurbin, ko ɗan wa ne, a yi masa abin da ake yi wa baƙo. A rubuta aikin a shafi ɗaya. A duba lasisinsa, a tabbatar ajinsa ya dace da nauyin motar. A zagaya da shi da lodi a ga tuƙinsa, a kira wanda ya yi wa aiki a baya. A sa lokacin gwaji a takarda da adadin watanninsa, domin gwajin da ba a faɗi ƙarshensa ba doka ba ta san shi ba. Kuma kowace yamma a rufe lissafi da sa hannun mutum biyu. Masana'anta mai mutum goma sha biyu ba sai ta ɗauki jami'in ma'aikata na musamman ba, amma tana buƙatar fayil ga kowane mutum, da wani guda da aka ɗora wa riƙe su.

CV, intabiyu, hijabi da Juma'a

*Na gama jami'a a fannin lissafin kuɗi, na yi bautar ƙasa, ina ta tura takardu shiru. Sau biyu aka kira ni intabiyu ban samu ba. Ina zargin hijabina ne. Kuma yayana ya ce in an kira shi ba ya ambatar sallar Juma'a sai ya shiga. Daidai ne?*
— Wata ƙanwarku daga Sabon Zango

Ƙanwarmu, mu raba matsalar biyu. Shirun da ake yi miki kafin a gan ki ba na hijabi ba ne, na takarda ne. Mai tace takardu yakan sami tuli a gabansa, kallo ɗaya yake yi wa kowace. CV ɗin sabon mai digiri kada ya wuce shafi biyu. A cire ƙabila, addini, garin asali da sunayen iyaye, ba a tambaye su ba. A ƙarƙashin bautar ƙasa kada ki rubuta "na taimaka a ofishin kuɗi". Rubuta abin da hannunki ya yi: daidaita littafin kuɗi da bayanin banki kowane wata, shirya takardun biyan albashi na mutum kaza, shigar da harajin albashi, aiki da Excel ko QuickBooks ko Tally in kin taɓa su da gaske. Kowace sanarwar aiki ki karanta abin da ta nema, ki ɗaga abin da ya dace da shi zuwa sama. A tura shi a PDF mai ɗauke da sunanki, daga adireshin imel mai sunanki na gaskiya, kuma lambar wayar da ke ciki ta zama wadda ke kunne. Masu ba da shaida a kanki ki sanar da su tukuna. In kin fara jarrabawar ICAG, cibiyar ƙwararrun akantoci ta Gana, ko mataki ɗaya kika ci, ki rubuta, yana da nauyi a wannan fanni.

Kada ki tsaya ga sanarwa kaɗai. Wanda ya kula da ke a wurin bautar ƙasa, da tsofaffin ɗaliban sashenku, da masu binciken kuɗi da ke zagaya ƙananan kamfanoni, su suke fara jin inda gurbi ya buɗe. Ki gaya musu takamaiman abin da kike nema.

A intabiyu, abin da ya fi kayar da sababbi shi ne amsa ba misali. In an ce kin iya aiki cikin matsi, ki kawo ranar da aka yi, me ya faru, me kika yi, me ya fito. In an zo albashi ki tambaya nawa ne ainihinsa, nawa ne alawus. Wasu kamfanoni sukan ƙanƙantar da ainihin su kumbura alawus, tunda a kan ainihin ake lissafa fansho. SSNIT tana auna fanshon mutum ne da matsakaicin albashinsa na wata 36 mafi tsoka, kashi 37.5 ga mai shekara 15, yana hawa har kashi 60 ga mai shekara 35, don haka ƙaramin ainihi yau ƙaramin fansho ne gobe.

Wariya saboda addini tana faruwa, ba za mu ce miki babu ba. Tsarin mulkin 1992 ya haramta ta a sashe na 17, na 21 ya ba kowa 'yancin yin addininsa da bayyana shi, Dokar Ƙwadago ma ta hana. In wani ya fito fili ya ce sai kin cire, ki rubuta ranar da sunan wurin da kalaman da aka yi, ki kai hukumar kare haƙƙin ɗan Adam, CHRAJ. Amma intabiyu biyu ba su isa a yanke cewa shi ne dalili ba. Ki je da shigar da za ki riƙa zuwa aiki da ita, kada ki sauya don ranar.

Yayanki kuma ba mu goyi bayansa ba. Doka ba ta ware lokacin Juma'a ba, abin da ta tanada shi ne hutun aƙalla minti talatin a tsakiyar aiki. Saboda haka magana ce ta fahimtar juna, kuma lokacinta shi ne bayan an ce an ɗauke shi, kafin ya sa hannu. Ya zo da mafita a hannu: zai haɗa da hutun cin abincinsa, ya rama ragowar da safe ko da yamma. In an yarda, a sa a takarda ko a imel, saboda manajan da ya yarda yau ana iya sauya shi.

Na sami wani aikin

*Shekarata biyu a wani kamfani, na sami wanda ya fi shi, suna so in fara mako mai zuwa. In tafi kawai?*
— Wani makaniki daga Suame

A'a, Malam. Duba takardar aikinka tukuna, in ta faɗi tsawon notis shi za ka bi. In ba ta faɗa ba, wanda bai kai shekara uku ba mako biyu ne, a rubuce, ko ka biya albashin mako biyu a madadinsa. Sabon wurin ka roƙe su mako ɗaya ƙari, mai ɗaukar aiki na kirki ya fi son wanda ya sallami tsohon wurinsa da kyau. Kada ka miƙa notis sai sabuwar takardar ɗauka ta shigo hannunka da sa hannu, alkawarin waya ba a ajiye aiki a kansa.

Kafin ka fita ka mayar da kayan aikin da ke hannunka a rubuta an karɓa, ka nemi takardar shaidar aiki, a lissafa maka hutunka, wanda aƙalla kwana 15 ne na aiki a shekara. Ka kuma karɓi sunan kamfanin da ke riƙe fanshonka na mataki na biyu da lambarka a wurinsu, domin sabon wurin yana iya kasancewa da wani kamfanin daban, kuma da wannan lambar za ka nemi a haɗe maka kuɗin wuri ɗaya.